Tallafin gwamnati ga manoma da makiyaya lokacin bala'i a Gamu da gundumar Gure

Tallafin bala'i shi ne taimakon da gwamnatin Jamhuriyar Nijar, tare da ƙasashe da hukumomin da ke mara mata baya, ke kai wa manoma da makiyaya idan damina ta gaza, ko fara ta cinye amfani, ko ruwa ya rushe gida da rumbu, ko ciyawa ta ƙare tun hadari bai haɗu ba. A Gamu, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Gure ta jihar Damagaram, kamar sauran ƙananan hukumomin ƙasar, tallafin yakan zo ne a buhu: gero, dawa ko masara a farashi mai rahusa ko kyauta, dusar dabbobi, irin shuka, sai kuɗin hannu da suka shigo daga baya. Ba a auna shi da girman asarar mutum. Manomin da ya saba ɗaure dami ɗari ya ɗaure goma, da wanda dama goman yake samu kowace shekara, tambaya ɗaya ake yi musu: baki nawa ne a gidan, kuma wata nawa abin da ke rumbu zai kai su. A kan wannan ƙa'ida aka gina tsarin baki ɗaya, kuma daga gare ta amfaninsa da gazawarsa suka fito.

Ƙasar da mutanenta

Garin Gure yana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Damagaram zuwa Diffa, kimanin kilomita 160 gabas da birnin Damagaram. Shi ne tsohon babban birnin masarautar Muniyo da ta yi zamani ƙarƙashin Barno, kuma matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya yada zango a can a 1852. Tun da aka cire Tasker ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ƙananan hukumomi shida suka rage wa Gure: Gure da Gamu da Kelle da Alakos da Gidigir da Bune. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 300,000 a gundumar. Akwai Barebari, Hausawa, Fulani, Buzaye da Tubawa.

Ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 300 da wani abu ba, kuma cikin wata uku yake zuba. A kudu akwai kwarurruka masu dabino da kanwa da lambuna, waɗanda tudun yashi ke neman binnewa. Gamu tana arewa da babbar hanya, inda gero da wake kan jigawa suke haɗuwa da kiwon awaki, tumaki, shanu da raƙuma. Da wuya a sami gidan da noma kaɗai ya riƙe. Magidanci na noma, matansa na da 'yan awaki, samari na tafiya cin rani Najeriya ko Libiya. Dokar 1961 ta shata iyakar da noma bai kamata ya ƙetare ba ta arewa, aka bar abin da ke bayanta ga makiyaya, amma yawan jama'a ya daɗe da tura gonaki gaba da layin.

Asalin tsarin

Kafin gwamnatin zamani, rumbun magidanci da na sarki da zakka su ne madogara, kuma ba kullum suke isa ba, kamar yadda yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta nuna a ƙasar Hausa da Barno. Bayan yunwar 1931 Faransawa suka ƙarfafa rumbunan tsimi na dole, inda kowane gida ke ajiye wani kaso na hatsinsa ƙarƙashin idon hukuma. Talakawa ba su so su ba, don suna ganinsu a matsayin wani haraji.

A 1970 gwamnatin Diori Hamani ta kafa ma'aikatar cimaka ta ƙasa, OPVN, don saye da ajiye hatsi da daidaita farashi. Ba ta daɗe ba babban farin 1973 ya faɗo. Zargin karkatar da abincin agaji yana cikin dalilan da Seyni Kunce ya bayar lokacin da ya kifar da gwamnati a 15 ga Afrilun 1974, kuma tun daga ranar shugabannin Nijar suka san cewa yunwa na iya cin kujera. Farin 1984 ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta yi, shi ya sa a gabashin Nijar da tsakiyarta ake kiran yunwar shekarar da sunansa. Mutanen Gure sun ji wannan rufewa a jikinsu, domin a kasuwannin Najeriya irin su Maigatari da Nguru da Gashuwa dabbobinsu ke ƙarewa, daga can kuma hatsi ke shigowa idan na gida ya kasa.

Sauye-sauyen tattalin arziki na shekarun 1980 sun raba OPVN da ikon mallake kasuwar hatsi, suka bar mata tsaron rumbun ƙasa. A 1989 aka kafa sashen gargaɗin gaggawa, SAP, sannan a 1998 aka haɗa gwamnati da masu ba da agaji a tsari guda na rigakafi da magance matsalar cimaka, wanda aka fi sani da DNPGCA, a ƙarƙashin ofishin firaminista. A 2016 aka ƙara ma'aikatar ayyukan jin ƙai da kula da bala'o'i, wadda ambaliya da gobara suka fi shafa.

Yadda ake gane inda aka shiga matsala

Aikin na farawa ne da malamin gona. A ƙarshen damina ma'aikatan noma na gunduma kan ƙiyasta abin da aka girbe, su fitar da jerin ƙauyukan da giɓinsu ya kai rabi ko fiye na abin da suke buƙata. Ma'aunin da aka saba amfani da shi kilo 231 na hatsi ne ga mutum ɗaya a shekara. Ma'aikatan kiwo kuma kan yanki ciyawa a wasu zaɓaɓɓun wurare su auna, su haɗa da hotunan tauraron ɗan adam, su kwatanta da buƙatar dabbobi: dabba mai nauyin kilo 250 ana lissafa mata busasshiyar ciyawa kilo 6.25 a rana, har tsawon wata tara na rani. A ƙauyuka da dama akwai kwamitin sa ido da ke kai rahoton farashi da ciwon dabbobi da ƙaurar mutane ga ƙaramar hukuma, ita kuma ta miƙa wa kwamitin gunduma da prefe ke shugabanta.

A watan Nuwamba, da kuma Maris, ana zama a tantance alƙaluman bisa ma'aunin bai-ɗaya na ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel, mai matakai biyar. Daga nan gwamnati ke fitar da shirin tallafi na shekara da kuɗin da zai ci. Hasashen yakan fito da wuri. Abin da ke jinkiri shi ne kuɗi da motocin dako.

Hatsi mai rahusa da hatsin kyauta

Sayarwa a rahusa ita ce hanya mafi daɗewa, kuma ita ta fi taɓa mutane da yawa. OPVN na kai hatsi hedikwatar ƙaramar hukuma, kwamiti ya sayar. Shekaru da dama farashin ya tsaya a jika goma sha uku, wato sefa 13,000, a buhu mai kilo 100, ko da na kasuwa ya ninka haka. Ba a cika ba mutum ɗaya buhu sukutum ba. Da tiya ake aunawa, buhu na ba da kusan tiya arba'in, kowane gida da iyakar abin da zai saya. Ranar sayarwa akan ga layin maza da na mata, kowa da kwarya ko tsohon buhu, jakuna da amalanke na jira a gefe. Wanda ya zo daga ƙauye mai nisa ya kashe yininsa, wani lokacin har da kuɗin mota, a kan 'yan tiyoyin da ba za su wuce mako biyu ba. Babban aibin hanyar a fili yake: sai mai kuɗi a hannu ke amfana, alhali a watan Yuli gidan da ya fi buƙata ba shi da ko dala.

Shekarar 2005 ce ta fallasa wannan. Fari da farar dango sun haɗu a daminar 2004, aka sami giɓin hatsi na kimanin tan 223,000 da na ciyawa tan miliyan 4.6. Gwamnati da masu agaji suka tsaya kan sayarwa a sefa 10,000 buhu, don gudun kada rabon kyauta ya lalata kasuwa. Ƙasashe maƙwabta suka taƙaita fitar da hatsi, farashi a Najeriya ya hau, buhun gero ya haura jika ashirin da biyar a kasuwanni da dama. Mutane suka koma ga anza da jiga da tafasa. Jihohin Maraɗi da Damagaram ne suka cika cibiyoyin jinyar yara masu tamowa. Sai a watan Agusta aka fara rabon kyauta gadan-gadan, a daidai lokacin da Shugaba Tanja Mamadu ke musanta cewa akwai yunwa a ƙasar.

Tun daga nan rabon kyauta ga zaɓaɓɓun gidaje ya zama ginshiƙi a shirin kowace shekara. Abin da aka saba shi ne buhu ɗaya mai kilo 100 a wata ga gida mai mutum bakwai, daga Yuni zuwa Agusta. Gida irin wannan na buƙatar buhu goma sha shida a shekara bisa ma'aunin gwamnati kanta, don haka buhu uku ba su maye gurbin gonar da ta lalace. Aikinsu shi ne su riƙe magidanci a gonarsa lokacin noman farko da maimai, kada ya tafi ƙwadago gonar wani ya bar tasa ga ciyawa. A nan amfaninsu yake, kuma ba ƙarami ba ne. Ana haɗawa da irin gero mai saurin nuna, irin su HKP na cibiyar binciken noma ta INRAN, da irin wake, ga waɗanda suka cinye nasu irin.

Aiki don abinci ko kuɗi

A watannin rani ana ɗaukar mutane aikin gyaran ƙasa, abin da a wasu yankuna ake kira gina ka ci tun lokacin da da hatsi ake biya. Ladan da aka daɗe ana bayarwa sefa 1,300 ne a yini. A ƙasa mai tauri rabin-wata ake haƙawa don tare ruwa. A Gure aikin da ya fi dacewa shi ne ɗaure tudun yashi: a sari rassan kalumbo ko na kaba, a kafa shinge-shinge a murabba'i a kan tudun, sannan a dasa itatuwa a ciki idan damina ta sauka. Shirin PLECO na ceton kwarurrukan Gure da Maine-Sorowa ya yi irin wannan aiki. Bayan damina mai kyau kuma akan biya mutane su share layukan tare gobarar daji a makiyaya, domin wuta ɗaya na iya cinye ciyawar da za ta riƙe garke da yawa har bazara.

Makiyaya

A nan ne tsarin ya fi rauni. An gina kalandarsa kan yunwar manomi, wadda ke tsananta daga Yuni zuwa Agusta. Ta makiyayi na farawa tun Maris, ta kai ƙarshe a Yuni, lokacin da ciyawa ta ƙare, rijiyoyi suka yi zurfi, dabbobi suka rame. Asara biyu ke hawa kansa lokaci guda: dabbar na faɗuwa a farashi a kasuwannin Subdu da Kazowe da Gidigir, gero kuma na hawa. Tunkiyar da a kaka za ta sayi buhu, a bazarar shekarar fari sai an haɗa biyu ko uku.

Babban abin da gwamnati ke yi shi ne sayar da dusar alkama da ƙulin auduga a rahusa. An daɗe ana sayar da buhu mai kilo 50 a sefa 4,000. Akwai rigakafin dabbobi kyauta a kowace shekara. Amma idan giɓin ciyawa ya kai miliyoyin tan, 'yan dubban tan na dusa ba su wuce a ceci shanun tatsa da 'yan matan garke ba. Ga kuma nisa: ana sauke dusar a gari, garken kuma yana can bakin rijiya, tafiyar kwana biyu, ko ya riga ya gangara kudu ya tsallaka iyaka.

Shekarar 2010 ce misalin da makiyaya ba su manta ba. Giɓin ciyawa ya kai kimanin tan miliyan 16. Sojojin da suka karɓi mulki a 18 ga Fabrairu ƙarƙashin Salu Jibo sun fito fili sun amsa cewa akwai yunwa, suka nemi agaji, aka ƙiyasta mutum sama da miliyan bakwai na cikin matsala. Gwamnati da ƙungiyoyi suka shiga sayen ramammun dabbobi a farashin da ya fi na kasuwa, a yanka, a busar da naman, a raba wa mabuƙata. Dabarar na da kyau in an yi ta da wuri. A wurare da yawa ta zo ne bayan saniya ta kwanta, lokacin da kuɗinta a kasuwa bai kai na buhun gero ɗaya ba. Da ruwan farko ya sauka da ƙarfi, sanyi da laka suka ƙarasa dabbobin da yunwa ta bari.

Wanda ya rasa shanu arba'in ba ya samun diyyar ko ɗaya. Idan ya shiga jerin mabuƙata, buhun da maƙwabcinsa ya samu shi ma zai samu. Abin da ya fi kusa da mayar da asara shi ne rabon awaki biyu ko uku, galibi ga mata, bisa salon habbanaye na Fulani: a ba ka uwa, ta haihu, ka riƙe 'ya'yan, ka miƙa uwar ga wani. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN sun daɗe suna neman a tanadi dusa tun kaka, kuma dokar kiwo ta 2010 ta amince da ƙaura da dabbobi a matsayin haƙƙi, wanda a shekarar fari ya fi kowane buhu amfani.

A Amurka akwai shirin da dokar noma ta 2008 ta kafa, mai biyan makiyayi kashi 75 cikin ɗari na kuɗin dabbar da bala'i ya kashe. Irin wannan na buƙatar rajistar dabbobi da takardun shaida da baitulmali mai ƙarfi. A Gure makiyayi ba ya son a ƙidaya masa garke, tun zamanin jangali.

Kuɗin hannu

Bayan 2005 ƙungiyoyin agaji suka fara raba kuɗi a madadin hatsi, yawanci sefa 32,500 a wata na tsawon watannin wahala. A 2011 gwamnati, da rancen Bankin Duniya, ta kafa shirin tallafi na dindindin a jihohi biyar har da Damagaram: sefa 10,000 a wata ga gida har wata ashirin da huɗu, kuma mace ke karɓa. Binciken da aka yi a kansa ya nuna cin abincin gidajen ya ƙaru da kusan kashi goma cikin ɗari, kuma ribar ta fi fitowa a inda fari ya taɓa. Zagaye na biyu, mai suna Wadata Talaka, ya fara a 2019. A ƙarƙashinsa aka gwada sakin kuɗi da zarar tauraron ɗan adam ya nuna ƙasa ba ta sami isasshen ruwa ba, ba tare da jiran ƙidayar girbi ba. Bayan daminar 2021 wasu ƙananan hukumomi suka sami sefa 15,000 a wata ga gida na tsawon shekara.

Ita ma gwamnati ta ɗauki tata inshorar. A farkon 2015 asusun inshorar fari na Tarayyar Afirka, ARC, ya biya Nijar kimanin dala miliyan 3.5 saboda daminar 2014. Kuɗin baitulmali suke shiga, daga can a mai da su aiki da abinci.

Zaɓen masu amfana

Akan tara ƙauye gaban maigari, a kasa gidaje kashi huɗu daga mafi talauci zuwa masu hali, ko kuma ma'aikata su bi gida-gida da takardar tambayoyi, kwamfuta ta fitar da sunaye. Duka hanyoyin biyu na haifar da ƙorafi. A ƙauyen da kowa ya rasa girbi, bambancin wanda aka ɗauka da wanda aka bari na iya zama akuya ɗaya. Masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai, ƙarƙashin Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun nuna yadda zargi ke biyo bayan rabon, da yadda a wasu ƙauyuka ake jira ma'aikata su tafi a tattara abin da aka samu a sake kasawa ga kowa, da yadda kuɗin da aka damƙa wa mace kan koma hannun maigida. Masu shirin na ɗaukar wannan a matsayin karya ƙa'ida. Ga mutanen ƙauye kuwa, wanda ka hana bana shi za ka roƙa baɗi. Ana kuma yawan kokawa kan hatsin rahusa da ke ɓullowa a shagunan 'yan kasuwa, da sa siyasa a rubuta sunaye.

Shekarun baya-bayan nan

Gwamnatin Mahamadu Isufu ta ƙaddamar da shirin 3N a 2012, da burin 'yan Nijar su ciyar da kansu, har da gina gidan manoma a ƙananan hukumomi, mai rumbun hatsi da na dusa da shagon taki. Duk da haka daminar 2021 ta gaza, aka ƙiyasta mutum miliyan 4.4 na buƙatar agaji a tsakiyar 2022.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya kawo takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, da rufe iyakar Najeriya na wasu watanni, manyan masu ba da agaji kuma suka dakatar da kuɗin da suke zubawa a kasafin gwamnati, abin da ya taɓa tsarin da dama ya dogara da su sosai. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi suka maye gurbin zaɓaɓɓun magadan gari, su ne yanzu ke kula da kwamitocin rabo a irin su Gamu. Daminar 2024 ta zo da akasin abin da aka saba tsoro: ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a faɗin ƙasar, jihar Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har tsohon masallacin birnin ya rushe a farkon Satumba. Tallafin ambaliya shi ma bisa gida ake lissafa shi, da hatsi da barguna da tabarmi da gidan sauro. A Oktoban shekarar gwamnatin Janar Abdurahamane Tiani ta rage farashin siminti don masu sake gini, ta kuma hana fitar da gero, dawa, masara da shinkafa zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso.